Yadda jera ƙwallaye ke juya bugun fasawa a wasan ful

Tambaya: Malam, ina buga ful, ɗan'uwan sinukar nan mai ƙwallaye masu lamba, kuma ina da ƙarfin hannu daidai gwargwado. Wani lokaci in na fasa jeri sai ƙwallaye su watse ko'ina, wani lokaci kuma, da ƙarfi iri ɗaya, su tsaya cunkushe wuri guda. Abokin wasana ya ce laifin jerin ne, ni kuma ina zargin hannuna. Shin jerawa tana da tasiri har haka? Kuma wace hanya ce ta fi?

Amsa: Ɗan'uwa, abokin wasanka ya fi ka gaskiya a wannan. Hannu yana da nasa rabo, musamman in ba ka samun ƙwallon gaba a tsakiyarta. Amma in bugu biyu sun fito da ƙarfi ɗaya, sun sauka wuri ɗaya, ɗaya ya watsa tebur ɗaya ya mutu, to ruwa ba ya tsami banza. Sunkuya ka duba jerin, kusan kullum za ka tarar akwai ƙwallayen da ba su taɓa juna ba.

Ga abin da ke faruwa in farar ƙwallo ta daki jeri. A jerin ƙwallaye 15 akwai wurare 30 da ƙwallo ke jingina da 'yar'uwarta. A jerin 10 wuraren 18 ne, a jerin 9 kuma 16. Ta waɗannan wurare ƙarfin bugu ke bi ya ratsa jerin, kamar yadda masu gini ke miƙa bulo hannu da hannu: in mutum ɗaya ya matsa daga layi, aikin ya tsaya a kansa. Ƙwallon gaba tana tura biyun da ke bayanta, kowacce a karkace da digiri 30 daga layin tsakiya, su kuma su tura na bayansu. Ƙwallayen suna da tauri ƙwarai. Ko a bugun ƙwararru, da ke kai kilomita 30 zuwa 40 a awa, lotsewar da ƙwallo ke yi ba ta kai milimita ɗaya ba, kuma karon yana ƙarewa cikin ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Shi ya sa giɓin da bai fi kaurin takarda ba yake da nauyi. In ƙwallon gaba ta taɓa ta dama amma ba ta taɓa ta hagu ba, kafin ta cike wannan ɗan giɓi ta riga ta zuba mafi yawan ƙarfinta a dama. Ɓangare ɗaya ya fashe, ɗayan ya ɗan motsa kawai. Kuma kowane giɓi yana mayar da turi ɗaya ya zama karo dabam-dabam, kowane karo kuma yana cin nasa kason ƙarfi.

A matsattsen jeri, ƙarfin ya fi bin gefuna biyu na waje, daga ƙwallon gaba ya gangara zuwa kusurwoyin baya. Ƙwallayen kusurwa su ne ke fita da gudu, sau da yawa su zagaya bango huɗu. Ta tsakiya kuwa, lamba 8 ko lamba 9 gwargwadon irin wasan, tana kewaye ta ko'ina, don haka da ƙyar take motsawa. In ka ga lamba 9 tana tsere wa jeri tana nufar ramin kusurwa bugu bayan bugu, duba biyun da ke bayanta, akwai rata a can.

Farar ƙwallo ma tana ba da labari. In jeri ya matsu, abin da ta daka ya fi ta nauyi nesa ba kusa ba, sai ta ɗan yi tsalle ta dawo baya. Shi ya sa ƙwararru ke bugunta sama da tsakiya kaɗan, don juyin gaba ya taka mata birki ta zauna a tsakiyar tebur. In kuwa ƙwallon gaba ta rabu da sauran, farar tana karo da ƙwallo ɗaya ce tak, sai wannan juyin ya kwashe ta ta kutsa cikin tarin, ko ta zame zuwa rami. Har kunne yana rarrabewa: matsattsen jeri yana ba da ƙara guda mai kaifi, sakakken jeri kuma sautinsa a dakushe yake, a rarrabe.

Me ke hana jeri matsuwa? Na farko ƙwallayen kansu. Ƙa'idar hukumar ful ta duniya, WPA, ta ce faɗin ƙwallo milimita 57.15 ne, an yarda ya ɗara ko ya gaza da 0.127. Ke nan ƙwallaye biyu sababbi, duka halastattu, suna iya bambanta da rubu'in milimita. Tsofaffi kuwa ba a magana, don ba sa cinyewa daidai: lamba 1 da farar ƙwallo sun fi shan duka, su ne ke fara ƙanƙancewa. In an haɗa ƙwallaye daga saiti biyu, to an gama. Na biyu ƙyallen tebur. Ɗigon da ake ɗora ƙwallon gaba yana shan matsi a kowane bugu, har ya zama ɗan kwari, kuma sau da yawa kwarin ba ya kan ɗigon daidai. Ka matse jeri da kyau, kana ɗaga katakon jerawa ƙwallon gaba ta gangara cikin kwarinta ta bar 'yan'uwanta. Na uku datti: alli da gumin hannu suna sa ƙwallaye su riƙe juna maimakon su zame.

Hanyar da kowa ya sani ita ce katako mai kusurwa uku, na itace ko na roba. An yi shi ya ɗan fi jerin girma da gangan, don yatsu su sami wuri a baya. Kuskuren da aka fi yi shi ne a zuba ƙwallaye, a ja katakon gaba da baya da ƙarfi, a ɗaga. Ba haka ake yi ba. Fara ajiye ƙwallon gaba ita kaɗai a kan ɗigo, ka bar ta ta zauna inda ƙyalle ke son ta. Sannan ka kawo sauran jerin ya same ta a can. Sa yatsunka a bayan layin ƙarshe ka tura gaba, turi daidai a hagu da dama, ba danna ƙasa ba. Saki a hankali ka ga ko wata ta motsa. In ba wadda ta motsa, tura katakon gaba kaɗan ya rabu da ƙwallayen, ka fara ɗaga bayansa. In wata ta ƙi zama, juya ta a wurinta, ko ka musanya ta da wata, don wataƙila ƙarama ce ta faɗo wurin da ake bukatar cikakkiya. Goge ƙyallen wurin da buroshi yana taimakawa fiye da yadda mutane ke zato. Abin da ba na so shi ne ɗabi'ar ɗaukar farar ƙwallo a riƙa sassara ta kan ƙwallon gaba da ƙarfi. Yau za ta zauna, amma kowane sara yana ƙara zurfin kwarin, gobe matsalar ta ninka.

In ba za ka iya samun duka wurare 30 ɗin jinginar ba, kuma a tsohon tebur ba za ka samu ba, ba duka giɓi ne ke da nauyi ɗaya ba. Uku na gaba dole su taɓa juna. Bayansu sai layi na uku da gefunan waje. Giɓi a tsakiyar layin ƙarshe ba ya ɓata komai sosai.

Akwai wata hanyar da aka yi amfani da ita a gasanni da yawa a Turai: horar da tebur. Kafin a fara gasa ana ɗora ma'auni mai huji, a ɗan bubbuga kowace ƙwallo a gurbinta a hankali har ƙyalle ya yi ƙananan gurabu daidai wurin da ya kamata. Daga nan ba a bukatar katako, da hannu ake jerawa, kowace ƙwallo ta gangara ta jingina da 'yar'uwarta. Yana aiki, amma aikin mai tebur ne da ma'auni a hannu, kuma gurabun suna iya karkatar da ƙwallo mai tafiya a hankali a wannan yanki.

Sai ledar jerawa, irin su Magic Rack da Accu-Rack, wadda ta zama ruwan dare a manyan gasanni. Siririyar leda ce mai huji-huji da ake shimfiɗawa kan ƙyalle. An yanka hujin ta yadda kowace ƙwallo ke ɗan karkata zuwa ciki, nauyinta da kansa ya matse jerin. Ana fasawa tana nan a shimfiɗe, a cire ta bayan bugu in ba ƙwallon da ta tsaya a kanta. Da ƙwallaye masu kyau, ko yaro zai iya samar da jerin da ya fi na gogaggen alkalin wasa mai katako. Aibinta kaɗan ne: in ta lanƙwashe ko hujinta ya buɗe ta tashi aiki, ƙwallo mai rarrafe tana iya tuntuɓe a gefenta, kuma ba ta mayar da ƙaramar ƙwallo babba.

To a nan ne gizo ke saƙa. Da aka sami jeri marar giɓi, sai aka gano cewa yana fashewa iri ɗaya kowane lokaci, kuma wasan ƙwallo 9 ne ya fi jin jiki. Jerinsa siffar daimon ce: ɗaya, biyu, uku, biyu, ɗaya, lamba 1 a gaba kan ɗigo, lamba 9 a tsakiya. Biyun da ke gefen lamba 9 su ake kira fiffike. In ka ajiye fara kusa da dogon bango ka daki lamba 1 a cike, wato a tsakiyarta, fiffiken ɓangarenka yana tafiya kai tsaye ramin kusurwa, lamba 1 kuma ta nufi ramin tsakiya na ɗaya ɓangaren. Ba ya ma bukatar ƙarfi. Corey Deuel na Amurka ya yi suna da wannan lallausan bugu: ya taɓa a hankali, fiffike ya faɗa, fara da lamba 1 su tsaya inda yake so, ya share tebur. A 2001 ya ci gasar US Open, inda ya doke Mika Immonen na Finland da ci 11 da nema a wasan ƙarshe. Ba wanda zai ce ba gwaninta ba ce, amma 'yan kallo ba su zo ganin bugu ɗaya ana maimaita shi ba.

Masu shirya gasa suka shiga neman magani. Aka kawo dokar ƙwallaye uku: bayan fasawa, jimillar waɗanda suka faɗa rami da waɗanda suka dawo har layin da ake fasawa daga bayansa dole ta kai uku, in ba haka ba abokin karawa ya sami zaɓin karɓar tebur. Wannan ya tilasta a saka ƙarfi. Aka kuma matsar da jerin gaba, wajen mai fasawa, ta yadda lamba 9 ce ke kan ɗigo maimakon lamba 1. Matsawar ba ta wuce santimita 10 ba, tsawon layi biyu ke nan, amma ta isa ta sa fiffike ya daki dogon bango sama da rami. Sannan aka zana akwati a tsakiyar layin fasawa, aka hana ajiye fara a gefe. Gasannin kamfanin Matchroom, mai shirya Kofin Mosconi tsakanin Turai da Amurka tun 1994, suna haɗa lamba 9 kan ɗigo da akwatin. An gudu ba a tsira ba, don 'yan wasa sun koma yankan lamba 1 a gefe kaɗan suna aika ta ramin tsakiya, fara kuma ta daki dogon bango ta dawo ta ratsa tarin. Sai dai wannan bugun yana da haɗari, farar ba ta da tabbas, kuma a ganina hakan ya dawo wa wasan da armashinsa.

Daga wannan duka za ka ɗauki abu guda mai amfani ko da katako kake jerawa: wurin da aka ajiye jeri yana da nauyi kamar matsuwarsa. Jerin da ya hau sama da ɗigo ko ya sauka ƙasa da shi, ko ya karkace ya kalli gefe ɗaya, yana sauya hanyar fiffike da ta ƙwallayen kusurwa. Kafin ka fasa, tsaya a ƙarshen tebur ka ga ko layin baya ya yi daidai da gajeren bango.

Wasan ƙwallo 10 ya sami karɓuwa a wurin ƙwararru saboda wannan matsala. Ƙarin ƙwallo ɗaya ya mayar da jerin mai kusurwa uku, babu fiffiken da ke kallon rami, kuma a dokar WPA in lamba 10 ta faɗa a bugun fasawa ana dawo da ita kan tebur, saɓanin lamba 9 da ke ba da nasara nan take. Amma shi ma da leda an karance shi. Ana fasawa daga kusa da tsakiya, a daki lamba 1 a cike da ƙarfi, biyun da ke bayanta su nufi ramukan tsakiya, na kusurwa su zagaya bango huɗu. Shane Van Boening, mai kofin US Open biyar kuma zakaran duniya na ƙwallo 9 a 2022, shi ne mutumin da aka fi kwaikwayon bugunsa a wannan wasa. Bambancin shi ne bugun yana bukatar ƙarfi da saiti tare, ba taɓawa kawai ba.

Na fi zaton ƙwallo 8 kake bugawa, don haka bari in tsaya a kansa. Doka mai sauƙi ce: ƙwallon gaba kan ɗigo, lamba 8 a tsakiyar layi na uku, kusurwoyin baya biyu ɗaya mai ratsi ɗaya mai cikakken launi, sauran kuma yadda suka faɗo. Mutane da yawa suna ɓata lokaci suna jera gefen waje ratsi, cikakke, ratsi, cikakke, suna zaton doka ce. Ƙirga ka gani: ƙwallayen gefe 12 ne, in ka yi haka kusurwoyi ukun duka za su zama iri ɗaya, wanda ya saɓa wa doka, kuma ya fifita rukuni ɗaya tunda na kusurwa ne suka fi yawo. Bugu yana halasta in ƙwallo ta faɗa rami ko aƙalla huɗu sun taɓa bango. Da matsattsen jeri, daki ƙwallon gaba a cike daga kusa da tsakiya, za ka ga biyun layi na biyu suna neman ramukan tsakiya kamar a ƙwallo 10. In jerin ya ƙi matsuwa a gaba kuma ba yadda za ka yi, akwai mafita: koma gefe ka daki ƙwallon layi na biyu a cike gwargwadon iko, kana bugun fara ƙasa da tsakiya. Wannan yana tsallake ƙwallon gaba mai matsala, yana kuma motsa lamba 8 zuwa ramin tsakiya na can ɓangaren. Inda ake wasa da dokar cewa faɗawar 8 a bugun fasawa nasara ce, wannan riba ce babba. A dokar WPA ba nasara ba ce, mai bugu yana zaɓar a dawo da ita ko a sake jeri. Ka sani kuma wannan bugu yakan tara ƙwallaye a ɓangare ɗaya, wasan ya zama na dabara.

In teburinku irin na Ingila ne, mai ƙwallaye ja 7, rawaya 7 da baƙa ɗaya, lissafin ya ɗan bambanta: baƙar ce ke hawa ɗigo, tsarin launuka a ƙayyade yake, kuma farar ta fi sauran ƙanƙanta, milimita 47.6 a kan 50.8, don haka ta fi saurin tsalle da dawowa baya in jeri ya matsu.

Akwai kuma wasan da ba a son jeri ya watse tun farko, wato 14.1, inda ake barin ƙwallo ɗaya a tebur a sake jera 14 ba tare da ta gaba ba, wanda ɗan wasan Amurka Willie Mosconi ya zura ƙwallaye 526 a jere a cikinsa a 1954. Bugun buɗe shi shafa ƙwallon kusurwa ne kawai, biyu su je bango su dawo kusa da mazauninsu. Giɓi ɗaya ya isa ya saki wata ƙwallo ta fito fili, abokin karawa ya samu abin farawa.

Batun da ya fi jawo rigima shi ne wa zai jera. In wanda aka ci ne ke jera wa mai fasawa, akwai jarabar ya saki giɓi da gangan, ɗan ja da yatsa lokacin ɗaga katako ya wadatar. In kowa ke jera wa kansa, jarabar ta koma wani gefen: ya bar ratar da za ta taimake shi, ko ya tsara lambobi. Tunda kowane gurbi a jeri yana da yankin da ƙwallonsa ta saba zuwa, mai wayo yana iya ajiye 2, 3 da 4 inda za su tsaya masa a jere bayan bugu. WPA ta hana wannan a fili, ta ce a jera ba tare da tsari na ganganci ba, wasu gasanni kuma suna ƙayyade cewa lamba 2 ta zauna a can baya don rage wayon. A manyan wasanni alkali ne ke jerawa. Tsakanin abokai, abin da na ga ya fi kawo zaman lafiya shi ne leda, kowa ya jera wa kansa, a zuba ƙwallaye ba zaɓe, abokin karawa kuma yana da damar dubawa. In ƙwallo 9 ce, ku ɗora lamba 9 kan ɗigo ku riƙa fasawa bi da bi.

Duba jeri haƙƙinka ne, ba rashin kunya ba ne, kuma ba zargi ba ne. Zagayo ka tsaya a kansa, ka kalle shi daga sama inda hasken fitila ke sauka, giɓi zai nuna kansa da ɗan layin ƙyalle tsakanin ƙwallaye biyu. In a gaba yake, nemi a sake. In an sake ya ƙi, to ka yi aiki da shi: in ƙwallon gaba ta taɓa ɗaya kawai daga biyun bayanta, ajiye fara ta yadda bugunka zai bi ta kan wadda ta taɓa ɗin, wato daga ɗaya ɓangaren, don ƙarfin ya shiga jeri ta ƙofar da ke buɗe.

Kana iya raba gardamarku da kanka a zama ɗaya. Wanke ƙwallayen, goge ƙyalle, ka matse jeri iya ƙoƙarinka ka fasa sau da yawa da matsakaicin ƙarfi, kamar kashi uku cikin huɗu na abin da kake iyawa, kana lura da inda fara ke tsayawa. Sannan ka janye ƙwallon gaba da kaurin katin waya ka maimaita da ƙarfi iri ɗaya. In a matsattsen jerin ma farar tana zamewa hagu ko dama bayan karo, ba ka samun ƙwallon gaba a cike ne, wannan kam aikin hannunka ne, kuma maganinsa rage ƙarfi har sai saiti ya zauna.